Na Ɗumama Albasa, Na Bar Ki Cikin Sanyi

Morpeth,
Laraba, 5 ga Maris.

Ya Glenys, ranar da ke leƙo mini bayan mako guda na hadari! Farar fulawar da ke huda ƙanƙara ta fito tun sauran furanni suna barci! Kogin Wansbeck a safiyar da babu iska, uwargidana, matata ta shekara arba'in da ɗaya! Ina gaishe ki daga gida mai lamba goma sha tara, inda agogon falo yake ta bugawa babu mai ce masa ya cika surutu.

Yau kwana tara ke nan da kika ɗauki ƙaramar jakarki kika tafi Whitby wajen yayarki Doreen. Na buga waya sau shida. Sau biyar Doreen ta ɗauka ta ce, “Ba ta nan, Alwyn,” alhali ina jiyo tarinki a bayanta. A na shidan ta ce, “Je ka rungumi albasarka, ango.” Shi ya sa na koma ga takarda, don na san Doreen ba ta buɗe wasiƙar mutane. Ɗaga ta kawai take yi saitin taga.

Shekara talatin na yi a gidan jarida ina gyara kuskuren wasu, kuma ƙa'idarmu ita ce idan mun yi wa mutum ƙage, sai mu sake ba da labarin daidai, da sunansa, ba a ɓoye can shafin baya ba. Na yi miki ƙage, masoyiyata. Ga labarin daidai.

Ranar goma sha uku ga Fabrairu saƙon kamfanin wuta ya iso muna karin kumallo. Kuɗin da suke cira daga asusunmu duk wata zai tashi daga fam ɗari da sittin da huɗu zuwa fam ɗari biyu da casa'in da ɗaya. Kika karanta sau biyu, kika ajiye cokali, kika ce, “Mu biyu ne fa a gidan nan. Ko gidan burodi muka buɗe ban sani ba?” Ni kuwa na gyara zaman tabarau, na ce wuta ta yi tsada ko'ina, amma dole mu binciki kanmu. Da na ce kanmu, ke nake nufi.

Kin tuna takardar da na manna a jikin firji? Na ja mata layi da rula, don ta yi kama da gaskiya. Butar shayi: kofi ɗaya, ruwan kofi ɗaya. Wanka a baho: sau ɗaya a mako. Bargon lantarki: minti goma. Ɗumin gida kuwa na mayar da shi digiri goma sha biyar, na ce a haka iyayenmu suka rayu har suka haife mu. Kwana goma sha ɗaya kina zaune a falonki cikin tsohon kwat ɗin marigayiya mahaifiyarki, kina karatu da safar hannu, kan hancinki ja kamar 'ya'yan itacen daji. Har haƙuri kika ba ni ran da kika manta fitilar banɗaki a kunne. Kuma na karɓa! Na gyaɗa kai kamar alƙali na ce a kiyaye gaba.

Duk wannan lokacin, a ƙarshen lambu, cikin ɗakin gilashi, albasa ashirin da huɗu suna zaune a digiri goma sha takwas.

Kin san washegarin Kirsimeti nake shuka irin albasar gasa, kamar yadda mahaifina ya yi. Kin kuma san shekara tara a jere Norris Tweddle na gida mai lamba ashirin da uku yana ɗauke kofin kulob a watan Satumba, da albasa mai girman kan jariri, ni ina komawa gida da katin na uku. Abin da ba ki sani ba shi ne bana na sayo hita mai ɗumama ɗaki da manyan fitilu biyu, na jona su da wutar gida, na bi da wayar ta bayan randar ruwan sama, na lulluɓe ta da ganye. Hita dare da rana, fitilu awa goma sha shida.

Za ki tambaye ni, na san su ne suka ci wutar? Ban lissafa ba, Glenys. Na dai san cewa idan na lissafa zan sani, don haka na bar alƙalami a aljihu. Da wani ɗan rahoto ya kawo mini irin wannan aiki, da na kore shi kafin ya cire hula.

Ke kika yi binciken da na ƙi yi. Ran Litinin na fita sayen jarida, kika bi gida kika kashe komai, har firji, amma ɗan allon mita da ke kicin bai daina ƙirge ba. Na dawo na tarar da ƙofar baya a buɗe. Ga ki tsaye cikin ɗakin gilashi, kin cire kwat, kin cire safar hannu, hasken fitilun yana zuba a furfurarki kamar ranar Yuni a kan teku. Wallahi ban taɓa ganin kin yi kyau irin na wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin tsoronki haka ba. Kika dube ni kika ce, “Ashe nan bazara ta sauka.” Kika ƙara da cewa, “Da mutum ne ka fifita a kaina, Alwyn, da na ja shi da faɗa. To me zan ce wa albasa?” Kafin azahar kin hau jirgi.

Tun daga ranar gidan nan ya zama bakin teku bayan ruwa ya janye: komai yana inda yake, amma babu abin da ke motsi. Ina muryar da ke yi wa rediyo gardama da safe? Ina mai cinye gefen burodina ta ce ɓera ne? Wa zai ce mini rigar nan ba ta dace da wandon nan ba, har na fita jiya kamar wanda ya yi ado a duhu? Tsuntsun nan mai jan ƙirji da kike ba wa ɓarɓashin cuku yana zuwa taga kullum, ya leƙo, ya gan ni, ya tashi. Ko shi ya ji labari. Na dafa ruwan kofi ɗaya kamar yadda na hukunta, sai na ga ashe babu abin da ya kai butar kofi ɗaya ban tausayi a duniya. Haba, furen tuddai na watan Agusta, wane mahaukaci ne zai auna ɗuminki da mita? Ni ne. Na auna, har na ja layi da rula!

Kin tuna ɗakinmu na farko a Gateshead, mai mitar da ake jefa wa kuɗi? Wata Lahadi da rana ya rage mana sulalla ɗaya tak, kwana biyu kafin albashi. Na tsaya ina lissafin awa nawa zai ba mu na wuta. Kika zare shi daga hannuna kika sayo soyayyen dankali, muka ci a tsaye a kan gada, hannunki ɗaya cikin aljihun kwat ɗina, iska tana neman tuge mu. Kika ce, “Kai dai ci, malam mai lissafi, sanyi ba ya kashe wanda ake so.” Na yarda da ke a ranar. Kuskurena shi ne na ɗauka izini kika ba ni in gwada bayan shekara arba'in.

Yanzu ga abin da na yi, don na san ba ki sayen magana sai kin ga kaya.

Na kira kamfanin. Minti arba'in da bakwai ina jin kiɗan goge kafin wata baiwar Allah mai suna Shona ta ɗauka. Na karanta mata mita, na ce abin da ya ci wutar ya ƙare, kada su lissafa mana shi a kan shekara guda. Ta tambaya cikin ladabi ko akwai mara lafiya mai amfani da na'ura a gidan. Na ce a'a, albasa ce. Na ji tana neman inda za ta ɓoye dariya, sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, kakana ma haka yake, sai da kakata ta yanke wayar da almakashin lambu.” Ki ga irin rangwamen da kika yi mini. Na biya abin da ya taru daga kuɗin da nake tarawa na zuwa kamun kifi Scotland, ba daga asusunmu ba. Daga Afrilu fam ɗari da saba'in za su riƙa cira. Takardar firji kuma na yage ta.

Saura albasar. Idan na zare waya a wannan sanyi, ba za su kai Juma'a ba. Don haka jiya da rana tsaka, kowa na layinmu yana taga, na jera su a baro na tura zuwa gida mai lamba ashirin da uku. Norris ya fito da silifa, ya dubi baro, ya dube ni, ya murza wani ganye a yatsunsa. Ya ce, “Kai, tsoho, waɗannan sun fi nawa.” Shekara tara ina jiran wannan magana, sai ta zo ranar da ba ta da amfani! Ya ce, “Me ya yi zafi haka?” Na ce, “Glenys.” Ya ce, “Shigo da su. Amma ka sani, sunana zan rubuta a kati.” Na ce rubuta. Hita da fitilu ma na bar masa, matarsa Enid tana bakin ƙofa tana yi mini wani irin kallo da ban so ba.

Sai dai tunda gaskiya na ɗauko, bari in ƙarasa ta. Ashirin da uku na kai. Ɗaya tana nan a tagar kicin, ƙaramar cikinsu, mai karkataccen wuya. Babu hita, babu fitila, ɗumin da matar gida ta sha shi za ta sha. Ni kuma na kashe ɗumin gidan gaba ɗaya tun daren da kika tafi, na rantse ba zai sake kunnuwa ba sai da yatsanki, a lambar da kika ga dama, ko da ashirin da biyar ce. Yanzu haka cikin kwat ɗin mahaifiyarki nake rubuta miki wannan, bai rufe mini ciki ba. An ce ran Lahadi ƙanƙara za ta sauka. Ni tsoho ne mai taurin rai, wataƙila in kai labari. Albasar kuwa yarinya ce, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Akwai jirgin da ke isowa ƙarfe biyu da kwata ran Asabar. Zan tsaya a tasha tun ƙarfe ɗaya. Idan ba ki sauko ba, zan dawo Lahadi, in dawo Litinin, har ma'aikatan tasha su fara gaishe ni da suna. Ki zo ki hukunta ni a gida, rabin raina, inda zan ji daɗin hukuncin. Idan ba ki tausaya mini ba, ki tausaya wa albasar.

Naki ni kaɗai, jiya da yau da duk hunturun da ya rage mana, wanda ba zai sake ɗumama komai a bayan idonki ba,

Alwyn.