Kada a Kashe Kwamfutar Baba

Yaya Abdulwadud,

Da safe na kunna tsohuwar kwamfutar marigayi Baba, na sa kaset ɗin da ya adana sunayen kakanninmu tun daga Kano. Sunayen sun hau, amma garin cire kaset ɗin zarensa ya tsinke.

Yanzu ba su ko'ina sai a cikin kwamfutar, kuma wuta na yankewa za ta manta komai. Ɗaya-ɗaya suke fitowa. Sunaye sha ɗaya kawai na kwafa sai motar aikinmu ta iso, dole na wuce unguwar Aziziyya.

Don Allah ka tsare soket ɗin. Ka san Umma ba ta fita Masallacin Harami sai ta zare kowace wayar wuta a gidan nan. Wallahi na kasa gaya mata na tsinke kaset ɗin Baba. In ta zare wannan, ba mai rai da ya san sauran.

Munira