Albasar Mama

Alhamis, 17 ga Afrilu

An yi mini aikin ido da leza. Na karanta lambar motar da ke tsallaken titi ba tabarau. Likita ya ce ya ɗaga 'yar fatar da ke kan baƙin idon ya mayar, kada in kuskura in murza sai ta kama. Madam Afaf, mai shagon ɗinkin da nake aiki, ta ba ni hutun mako, wai duwatsun adon rigunan amare ba za su gudu ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Sham Nasim, bikin shigowar bazara a nan Masar. Ina barci Mama ta fasa ɗanyar albasa ta kanga mini a hanci, yadda take mana kowace shekara don mu tashi da kuzari. Hawaye ya zubo. Kafin in gama farkawa na murje idon dama da bayan hannu.

Tana ta dariya, wai ragguwa ta tashi. Su ɗan'uwana Husam suna cin kifin gishiri na bikin, ni ina banɗaki riƙe da ido.

Laraba, 23 ga Afrilu

Fatar ta goce, ta yamutse, ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashi. Likita ya tambayi yadda aka yi. Mama na zaune gefena da jakarta a cinya. Na ce cikin barci ne.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tabo ya zauna a idon. Kowace fitila uku nake ganinta, ga ido a bushe kamar an zuba yashi. Na ɗinka duwatsu a karkace, Madam Afaf ta warware su a gabana. “Ki je ki huta, 'yata.” Na san irin wannan hutun.

Talata, 27 ga Mayu

Ban yi wa Mama magana ba tun Juma'a. Ina jin haushinta, kuma ina jin haushin kaina da nake jin sa.

Juma'a, 20 ga Yuni

Husam ya ture kwanon wake, ya ce wata biyu ke nan abincin gidan nan salam, ko albasa ta ƙare a Masar ne? Mama ta tashi ta shige ɗaki. Ni ban ma lura ta daina sa albasa a girki ba. Ashe ta san albasarta ce sanadi.

Kowace safiya ina tarar da alluraina a jere jikin matashin kujera, an zura musu zare. Ban taɓa tambaya ba.

Da la'asar na sayo albasa na ajiye mata a kicin. Ba wani abu ba ne, waken ne ba ya ciwuwa haka.