Takardar Da Ka Naɗe Mini Ƙwayoyi A Ciki

Zuwa ga Alhaji, mai shagon magani na kusa da tasha a Kalgo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Ni ne malamin firamaren nan mai sayen maganin ciwon kai a wurinka. Ban zo da faɗa ba, Alhaji. Ko na so, ba ni da ƙarfinsa.

Na ɗaya. Farkon daminar bana fartanya ta sari mahaifina a ƙafa, a gonar shinkafarsa a Kambaza. Yana da ciwon suga, na kuma faɗa maka. Ka matso mini wani man shafawa daga bututunsa cikin 'yar roba, kamar yadda kake yi wa wanda ba zai sayi bututu guda ba. Babu suna a jiki, babu kwali. Ba ka nemi takardar likita ba, ni ma ban tambaye ka komai ba.

Na biyu. Sati uku muna shafa masa safe da yamma. Bakin wandonsa shuɗi ya koma fari-fari duk inda man ya taɓa, muka ce ai alamar magani mai ƙarfi ke nan. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce mun makara. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na uku. Makon jiya ka naɗe mini ƙwayoyi a takardar da ke zuwa cikin kwalin magani. A motar Gwandu na warware ta. Ta man nan ce, da maganar launin tufafi na gane ta. Sinadari biyu ne a cikinsa: ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya na busar da kurajen fuska, shi ne mai cinye launin tufafi. An rubuta kada a shafa a buɗaɗɗen rauni. Na karanta sau biyu, na ninke, na sa a aljihu. Ban ji komai a raina ba, har yau.

Roƙona, ka daina rarraba man a robobi, ka bar kowace takarda tare da maganinta. In abin naɗi kake nema, zan kawo maka tsofaffin littattafan ɗalibaina.

Baba yana tambayata ko akwai sauran man, wai ƙafar da babu tana yi masa ƙaiƙayi. Na ce masa ya ƙare.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare maka iyayenka, ya yafe mana ni da kai.

Wassalam.

Malamin firamare, ɗan Kambaza.