Ƙari a Huhun Yaya Sani

Daura, daren Laraba

Yau muka dawo daga asibiti a Katsina ni da Yaya Sani. Likita ta ce ƙarin da ke huhunsa ciwon daji ne, mutumin da ko sigari bai taɓa sha ba.

Da ta ji cewa daji ne ya kashe Baba da Gwaggo Hajara, sai ta dube ni ta ce, "Hajiya, irin wannan yakan bi jini. Ke ma sai an gwada ki. Kina da yara?"

Na ce mata eh, ina da.

A mota Yaya zancen takin gonarsa kawai yake yi. Ni kuwa da muka iso gida tuwo ya ƙi shiga. Na tsaya a kan 'yata Ummi ina sauraren numfashinta har ta farka.

"Mama, lafiya?"

Na ce mata lafiya lau.