Uzair a Kan Babur ɗin Kawu

Illela, Jihar Sakkwato

Zuwa ga Yaya Abdulmalik,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nema. Mu nan gida lafiya lau. Ciwon ƙafar Baba ya yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa, Umma kuma ta koma tuyar ƙosanta. Mun gama jarrabawar zango na biyu, sakamako bai fito ba tukuna. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Wayar ta Umma ce, kuma duk lokacin da ka kira kowa yana tsakar gida, ni kuwa ka san bakina ba ya buɗewa a gaban Baba. Shi ya sa na roƙi direban da ke kai albasa Fatakwal ya sa maka ita a hannu.

Maganar ƙanenka Uzair ce. Ka tuna babur ɗin marigayi Kawu Lawwali, wanda ke jingine a ɗakin hatsi tun kafin a haife ni? Baba ya sa an fito da shi, bakanike ya gyara, don Uzair ya koya ya samu sana'a. Ranar da aka dawo da shi ina shara a ƙofar gida. Uzair, wanda ko keke bai iya sosai ba, ya ɗora ƙafa, ya bubbuga tanki da tafin hannu kamar mai lallashin doki, ya buga kik, ya tafi. Babur ɗin bai mutu masa ba, bai yi tangaɗi ba. Ya shiga yashin bayan gidanmu, inda 'yan kabu-kabu ke sauke ƙafa, ya wuce ƙafafunsa a sama. Mutanen da ke zaune a dakali suka miƙe suna kallo. Tun daga ranar ba a da zance a unguwa sai baiwar Uzair. Baba kan ce wasu koyo suke yi, wasu kuwa da abinsu ake haihuwarsu, har yakan yi maka dariya, wai kai sai da ka ƙarar da fatar gwiwarka a filin makaranta kafin ka iya karya kwana.

Umma ce kaɗai ba ta yi murna ba. Da ta leƙo ta gan shi yana dawowa, sai ta koma ciki ta zauna bakin murhu, ƙosai yana ƙonewa ba ta juya ba. Kai ka san Kawu, ni ban riske shi ba. A bakinta na ji cewa idonsa na hagu ya mutu tun yana yaro saboda ƙyanda, don haka in yana tuƙi yakan karkata fuska don idon dama ya kama hanya. Ta ce shi ma yakan bubbuga tanki kafin ya tashi. Yaya, haka Uzair yake karkata fuska, kuma idanunsa biyu lafiyarsu ƙalau. In ya sauka wuyansa a miƙe yake. Sai ya hau babur ɗin yake karkatawa.

Na yi ƙoƙarin samo wa abin dalili, kamar yadda ake koya mana a makaranta. Na ce wataƙila Kawu yakan ɗora shi a kan tanki yana ƙarami, jikinsa ya riƙe ko da shi ya manta. Hankalina har ya kwanta. Da na faɗa wa Umma, sai ta dube ni ta ce kai ne Kawu ke ɗorawa a tanki kullum, ba Uzair ba. Uzair yana goye a bayanta, ko zama bai fara ba, ranar da aka zo da labarin cewa mota ta ɓullo wa Kawu ta hagu a wata mararraba kan hanyar Ƙonni, wajen Araba, bai gan ta ba.

Ka yafe mini, na gwada shi. Da rana tsaka, ina dawowa daga makaranta, na hango shi tafe a hankali, ba kowa a layin. Na tsaya ta hagunsa da farin hijabina, kusa har iskarsa ta taɓa ni, na ɗaga masa hannu biyu. Ya wuce. Washegari na tsaya ta dama, tun daga nesa ya yi mini hon yana dariya. Na sake komawa hagu wata rana, ya sake wucewa, har ya kusa taka akuyar maƙwabta da ke kwance a wannan ɓangaren. Da na yi masa magana a gida sai ya ce ƙarya nake, ba wanda ya tsaya a hanya, ya ce in ina son a ɗauke ni in faɗa kawai in daina ƙirƙira. Sannan ya sa yatsa yana murza idonsa na hagu, ya ce, "Mi kinka gani a fuskata kike kallona haka?"

Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma ina neman tsarin Allah daga zaton abin da ban sani ba. Abin da idona ya gani kawai nake rubuta maka. Saura guda ɗaya. Shekaranjiya an kai babur ɗin a canza taya, sai wani abokinsa ya ba shi nasa ya ɗan zaga. Yaya, bai iya ba. Ya saki kuloci da ƙarfi babur ya mutu. Ya sake, ya yi tsalle, ya kifa cikin yashi tun bai bar ƙofar gida ba, gwiwarsa tana jini. Abokansa suka yi ta dariya suna cewa ashe gwanin na mashin ɗaya ne. Yana zaune a ƙasa, wuyansa a miƙe, sai ya juyo ya gan ni a bakin zaure, ta hagunsa, ya ce in kawo masa ruwa. Na shiga ciki na yi kuka don daɗi. Ranar ce na fara ganin ɗan'uwana a kan babur.

Baba ya ce laifin mashin ɗin yaron ne, ba na Uzair ba. Ya riga ya yi magana da wani ɗan kasuwa, daga Lahadi ta sama Uzair zai fara kai masa kaya Ƙonni, kuma ta wannan mararrabar ake bi. Umma ba za ta iya musa wa Baba ba, balle ni. Kai kaɗai yake saurara. Don Allah, da ka karanta ka kira shi. Ba sai ka faɗi abin da na rubuta ba, kada ya ce ina jawo wa gida camfi. Ka ce a mayar da babur ɗin ɗakin hatsi, a samo wa Uzair wani ko na aro ne, a kai shi filin makaranta wurin wanda zai koya masa tun daga riƙe birki, kamar yadda aka yi maka. Ya faɗi ya tashi, ya ƙarar da tasa fatar gwiwar. Na fi son ya yi wata da watanni ana yi masa dariya da ya zama gwani da tuƙin da ba nasa ba.

Ka gaishe mini da Anti Lubabatu, ka sumbaci Hindatu, ka ce mata gwaggonta tana saƙa mata hula. Umma tana gaishe ku, ko da yake ba ta san na rubuta ba. An dawo da babur ɗin ɗazu, yana jingine a zaure. Duk wanda zai fita sai ya raɓa shi, ni kuwa na lura ta damansa nake bi. Allah Ya tsare mana ku, Ya sa takardar nan ta riga Lahadi isowa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mahbuba