Cikin Rakiya na Biyar

Daren Laraba, Maris 2007, unguwar Al Rigga, ƙasar Larabawa

Yau talabijin ta nuno 'yan majalisar Amurka suna cacar baki: a ba asibitocin da ke zubar da ciki kuɗin tsarin iyali, ko a hana su. Ƙanwata Rakiya na kwance tana tsotsar tsamiya, laulayin cikinta na biyar ya hana ta fita kasuwa. Ta ce in fassara mata. Ina gamawa ta kwashe da dariya, "Yaya, da a can nake ai da na huta, khalas, shi ke nan!"

Na san wasa take. Amma banɗaki na shige na buɗe famfo, kada ta ji kukana. Tun da na yi aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Allah Ka yafe mini, har aman da take yi da asuba kishinsa nake ji.