Malmalar Da Na Rage Maka

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa, da fatan Allah Ya sa inda kake ya fi nan sauƙi. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma, da ka juya ta ka miƙo mini ka ce, Rabi karanta, tunda rubutun boko bai taɓa zama a idonka ba. Amma na duba garin nan kaf ban ga wanda zan yi wa wannan maganar ba, sai kai da ba za ka amsa ba.

Bari in fara da labarin gida. Na fita takaba ana cikin yankan gero. Geron bai yi ba. Takin zamani ya fi ƙarfin kowa, ɗan takin garken da muka tara kuwa bai kai rabin gonar ba. Ƙaninka Sale ne ya noma ta, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma abin da aka kawo ko gindin rumbu bai rufe ba. Samarin unguwarmu duk sun gangara Watari neman aikin rani. Ɗanmu Habu ya ce shi ma zai bi su, na ce masa ƙashinsa bai yi ƙwari ba tukuna. Ƙanwarsa Ummi kuwa ta daina tambayar yaushe za ka dawo. Na fi son lokacin da take tambaya.

Kana tuna yadda kake kafin ciwon nan? Ni nakan rufe ido in gan ka ka cika ƙofar zaure, sai ka karkata kafin ka shigo. Giwa suke ce maka, daga nan har Dawanau, kuma ba ka taɓa jin haushi ba. Manoma suna ba ka hatsinsu ka kai musu kasuwa ba tare da sun bi ka ba, domin a ganinsu mutum mai wannan jiki ya ƙoshi, ba zai ci na kowa ba. Idan mata suka ce, Rabi kin iya kiwon miji, sai in sunkuyar da kai, amma raina fari tas. Malmala uku kake tashi da su, man shanu yana yawo a kan miya, ka kora da fura mai sukari. Ban taɓa sanin akwai cuta a cikin wannan ba. Wa ya sani a cikinmu?

Sai ranar da jiri ya kwashe ka a kasuwar Kunci, kana tsaye ana ɗinke buhu. Aka kai ka asibiti, aka ce hawan jini ne da ciwon sukari, kuma sun daɗe a jikinka. Da muka koma tare, likitan ya bar ka ya juyo kaina, domin ya san tukunya a hannuna take. Ya ce, “Baiwar Allah, magani zai yi nasa, amma rabin aikin yana madafarki. Sai ya rage wannan jikin.” Ya ce a rage tuwo da mai da gishiri, sukari kuwa a yi sallama da shi, a yawaita ganye da wake. Kai kuma ka ajiye babur, ka riƙa tafiya da ƙafa kullum har ka yi gumi. A hanyar dawowa kana ta raha, wai a shekarar da kowa ke neman abin da zai sa a ciki, kai an ce ka rage. Ni ban yi dariya ba. Na ga yadda ƙafarka ta kumbura a cikin takalmi.

Na riƙe maganar likita da hannu biyu. Malmala ta koma ɗaya, ƙarama. Na cika kwanon da zogale da rama da dafaffen wake ba mai. Kokon safe ba sukari. Kakan daɗe kana kallon kwanon kafin ka sa hannu, ka ci shiru, ka suɗe yatsu, ka ce alhamdulillahi da wata murya da ban san ka da ita ba. Ni kuma sai in koma madafa in tsaya ina kallon sauran tuwon a tukunya. Ka san sau nawa na ɗauki mara zan ƙara maka, na ajiye? Ni ma na daina cin abin da aka hana ka, don kada ka ji ƙamshinsa a hannuna.

Da an idar da Asuba sai ka bi ta tsakanin gonaki har tsamiyar bakin titi, ka dawo rigarka sharkaf. Da farko kana haki kamar numfashinka zai tsinke. Sannu a hankali ka saba, har ka fara zarce tsamiyar. Jikin ya soma sauka, wuya ya fito, muka kai rigunanka wajen tela ya rage. Ba zan manta ranar da ka dawo daga masallacin Juma’a fuskarka kamar ta yaro ba. Ka ce yau ka yi zaman tahiya sosai, ka naɗe ƙafa kamar kowa, kuma ka miƙe ba ka dafa bango ba. Ka ce rabonka da haka tun kana saurayi. Ranar na ɗauka mun ci nasara. Wallahi na ɗauka.

Mutanen gari kuwa wani abu daban suka gani. Shekara ce ta karayar ’yan kasuwa, kowa ya san wane da wane da suka sayar da gona. Sai ga Giwa ya zube, ya jingine babur, yana yawo a ƙasa da sassafe. Aka ce ka karye. Wasu suka ce ba karaya ba ce, irin ciwon nan ne da ba a faɗar sunansa. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta gidanmu. Ka yi bayani a majalisa, ka yi a ƙofar masallaci, aka gyaɗa kai aka ce Allah Ya sawwaƙe. Da kaka ta zo, manoman da suka yi shekaru suna kawo maka hatsi suka bi ta bayan gidanmu suka kai wa wani. Karayar da suka ƙaga maka, da bakinsu suka mai da ita gaskiya. Duk da haka ba ka fasa fita da safe ba.

Inna mahaifiyarka ce ta fi kowa jin zafin abin. Uwa ce, ina ƙoƙarin kada in ga laifinta. Ta shigo wata rana kana cin abinci, ta leƙa kwanon, ta dube ni, ta ce, “Ko akuya aka ba wa wannan ganyen ai sai ta yi kuka.” Ka ce mata likita ne ya ce. Ta ce likita bai haife ka ba. Daga nan ta riƙa kiran ka sashenta bayan Magariba. Kana tsammanin ban sani ba? Ƙamshin man shanu a gemunka yake biyo ka. Ban yi maka magana ba, domin na san kana tsakanin hawayenta da idona.

Abin da ban sani ba shi ne maganin. Sai bayan rasuwarka mai kyamis ya gaya wa Sale cewa tun bayan kaka ba ka sake zuwa saye ba. Da ciniki ya tsaya, ka zaɓi abin da yara za su ci, ka ce wa kanka ai tafiya da ganye sun isa. Me ya sa ba ka gaya mini ba, Malam? Ina da tunkiya. Ina da kayan ɗakina. Kullum da safe ina tambayarka ko ka sha, kana cewa eh.

Ranar da abin ya faru, cikin zafin bazara, ka fita kamar kullum. Rana ta ɗaga ba ka dawo ba. Masu kai taki gona ne suka tsince ka a gefen hanya, ɓarin jikinka ya shanye, baki ya karkace. A amalanken shanu aka kawo ka. Kwanakin da ka yi bayan nan ba ka sake furta kalma ba, idonka kawai ke bi na a ɗakin. Na dama koko, na zuba sukari har ya yi zaƙi sosai, na ce likita ya faɗi abin da zai faɗa. Maƙogwaronka ya ƙi karɓa. Ya dinga zubowa ta gefen bakinka, ina sharewa da mayafina.

A zaman makoki, tsakar gida cike da mata, Inna ta ɗaga murya ta ce, “Ɗana da yunwa ya tafi, a gidansa, da hatsi a rumbu.” Ba wadda ta ce mata ta bari. Da na fita takaba na koma asibitin, na tambayi likitan ko ni ce na kashe ka. Ya ce a’a, abin da muka yi shi ne daidai, barin maganin ne ya yi illa. Na gode masa na fito. Maganarsa ba ta raka ni ko bakin titi ba. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma idan ƙarewar zai yi ko ta yaya, me ya sa ban bar ka ka ƙoshi ba? Shekarar ƙarshe ta rayuwarka, kullum kana tashi daga kan kwano idonka na ciki. Ka rasa jikinka, ka rasa sunanka a kasuwa, sannan ka tafi. To me muka tsira da shi?

Akwai abin da kunya ta hana ni faɗa maka tsawon zamanmu. Ni jikin naka na da nake so. Tun ranar da ka zo zance gidanmu ka zauna benci ya yi ƙara, ƙawayena suna ƙunshe dariya, ni na ji hankalina ya kwanta. Da ka rame ina yaba maka, ina cewa ka koma saurayi, amma sau da yawa idan ka shigo sai na sake ɗaga kai in tabbatar kai ne. Tun kana raye na fara kewarka. Ban faɗa ba don kada in karya maka gwiwa.

Yanzu ga labarin da na yi ta jinkirtawa. An zauna, Inna da Sale da kawunnanka, an yanke cewa in koma gidanmu, yara kuma su zauna wajen Inna. Habu namiji ne, ya fara girma. Ummi ce damuwata. Ka san jikinka ta ɗauko, kumatu da damatsa da son zaƙi. Inna ta ce ba za ta bari a horar da jikarta da yunwa kamar yadda aka yi wa ubanta ba. Na je na durƙusa, na roƙa, na ce duk abin da aka ce in ba yarinyar zan ba ta. Ta juya fuskarta bango. Sale ya ce in yi haƙuri, tsohuwa ce, wata rana za ta huce. Baba ya aiko cewa kada in ja da dangin miji.

Ranar Juma’a yayana zai zo ya ɗauke ni. Jiya na yi wa Ummi kitso, na wanke kayanta na linke. Ban gaya mata ba tukuna, na rasa ta inda zan fara. Zan bar ta a hannun wadda ke son ta tsakani da Allah, wadda za ta cika mata kwano kullum saboda ƙauna, kamar yadda na cika maka naka shekara da shekaru.

Da kana nan, magana ɗaya ta ishe su. Da ka ce musu, Rabi ba ta cuce ni ba. Kai kaɗai ne shaidata, ga shi ƙasa ta rufe bakinka.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Sai mun zo. Ba ni da sauran abin da nake ɗoki a nan.

Matarka har yanzu, ko da an mai da ni gida,
Rabi